Filin Tambaya da Amsa: Na'urar CNC ta Haɗin Gida da Matsalar Ɓatan Taku

Wasiƙun da suka iso ofishinmu na Yamai a wannan watan sun fi karkata ga na'urar sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC, musamman irin wadda masu sana'a ke haɗawa da hannunsu daga ƙarfen walda da kayan da suka yi oda daga Sin ko suka sayo daga Kano. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin ba tare da mun sauya ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani kafinta a unguwar Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni kafinta ne, na haɗa na'ura mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 80 don zanen ƙofofi da kan gado. Ina aiki da injinan taku NEMA 23, da allon Arduino Uno mai manhajar GRBL, da ƙananan direbobi DRV8825 masu ba injinan wuta, da wuta mai volt 24, kuma bel GT2 da fuli mai haƙora 20 ke jan layin X da na Y, wato tafiyar faɗi da ta tsawo. Da safe aiki yana fita tsaf, amma da zarar rana ta take, sai in ga zanen ya goce gefe guda da milimita uku ko huɗu a tsakiyar aiki, ƙofa ta lalace. Na ƙara wa direbobin wuta, na kuma sauya lambar $100, wato saitin GRBL na yawan taku a kowace milimita, abin bai gyaru ba. Shin in sayi manyan injina ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata da sayen komai tukuna, kuma ka fara da mayar da lambar $100 inda take, domin ita ba ta da hannu a wannan matsala. Lissafinta a bayyane yake: injin taku irin naka yana juya digiri 1.8 a kowane taku, wato taku 200 a zagaye ɗaya, bel GT2 kuma yana da tazarar milimita 2 tsakanin haƙoransa, saboda haka fuli mai haƙora 20 yana tafiyar milimita 40 a zagaye guda. Idan ka raba kowane taku gida 16 a kan direba, to 200 sau 16 a raba da 40 ya ba da 80, kuma 80 ɗin ce ya kamata ta zauna a $100 da $101. Lambar da ta yi daidai da ƙarfe takwas na safe ba za ta zama kuskure da azahar ba.

Abin da ya kamata kowane mai irin wannan na'ura ya riƙe shi ne cewa ba ta ganin inda take. Arduino yana aika umarni ne kawai, yana ƙirga abin da ya aika, babu abin da ke dawo masa da labarin ko injin ya bi umarnin ko bai bi ba. Kamar makaho ne da ya haddace yawan takunsa daga ƙofar gida zuwa masallaci: idan ƙafarsa ta zame sau ɗaya a hanya bai lura ba, zai ci gaba da ƙirgarsa daidai, amma zai tsaya a jikin katanga maimakon bakin ƙofa. Shi ya sa ɓatan taku yake da alama guda da ke bambanta shi da sauran kurakurai, wato duk abin da aka yanka bayan zamewar yana gocewa da tazara ɗaya, kuma na'urar ba ta komawa wurin da ta fara.

Don haka gwajin farko shi ne na komawa sifiri. Ka ɗaura baki mai tsini, ka sa shi ya taɓa katako ya bar ɗigo, ka mai da wurin sifiri, ka ɗaga bakin sama, ka bar aikin ya gudana gaba ɗaya a iska ba tare da yanka ba, sannan ka umarci na'urar ta koma sifiri. Idan bakin ya sauka a kan ɗigon, to matsalar tana zuwa ne lokacin da ake yanka, wato nauyin aiki ko hayaniyar wutar injin yanka. Idan kuwa bai sauka a kai ba ko da a iska, to laifin yana cikin saiti ko direba ko tafiyar ƙarfe. Ka yi gwajin sau ɗaya da safe, ka sake yi da misalin ƙarfe biyu na rana, tunda kai da kanka ka lura cewa lokaci yana da tasiri. Akwai wata alama da za ta taimaka maka wajen karanta sakamakon: injin taku idan ya kuɓuce ba ya rasa taku ɗaya tak, yakan faɗa ne zuwa mazauninsa na gaba, wanda yake cikakkun taku huɗu daga inda yake. A na'urarka taku huɗu milimita 0.8 ne, saboda haka gocewar da ta zo 0.8 ko 1.6 ko 3.2 tana nuni ga injin kansa, wadda ta zo milimita 2 ko 6 daidai kuma tana nuna cewa bel ne ya tsallake haƙori.

Kafin ka taɓa wuta, ka duba abin da ba ya cin ko dala. Fulin da ke kan sandar injin ƴar kusa marar kai ce ke riƙe shi, kuma wajibi ne ɗaya daga cikin kusoshin ta zauna a kan shafaffen gefen sandar. Ka ja layi da alƙalamin maka daga sandar zuwa jikin fulin, ka yi aiki, ka duba ko layin ya rabu. A ganina wannan ƴar kusa ta lalata katako fiye da kowane direba, kuma ita ce ake mantawa da ita saboda ƙanƙantarta. Bayan haka ka kashe wuta, ka cire bel ɗin, ka tura gadar, wato ƙarfen da ya gitta na'urar yake ɗauke da injin yanka, da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk inda ka ji ta cije, can ne injin ke shan wahala. Firam ɗin da aka yi wa walda yakan murɗe idan ƙarfen ya huce, layukan biyu su daina tafiya daidai da juna, sannan ƙurar hunturu da garin katako idan suka haɗu da giris sukan zama kwaɓi mai tauri a cikin boris. A goge layukan kullum bayan aiki, a shafa mai kaɗan maimakon a cika su da giris.

Amma zatona mafi ƙarfi, bisa abin da ka bayyana, yana kan zafi, kuma ƙarin wutar da ka yi wa direbobin ya ƙara dagula lamarin ne. Ƙaramin allon DRV8825 yana ɗaukar kimanin amfa 1.5 idan babu sanyaya, yana iya kaiwa wajen 2.2 idan akwai ƙarfen sanyaya da fanka mai kyau, alhali yawancin injinan NEMA 23 da ake sayarwa suna neman amfa 2.8 ko sama. Wannan direba yana da kariya a cikinsa: idan ya yi zafi fiye da kima sai ya kashe kansa na ɗan lokaci, ya huce, ya dawo aiki, Arduino kuwa bai san an yi haka ba, yana can yana ƙirgarsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 a inuwa, shago mai rufin kwano ya fi haka nesa, akwatin da aka rufe direbobi a ciki kuma ya fi shagon. Direban da ke da sararin numfashi da hantsi ba shi da shi da azahar.

Gyaran gaggawa shi ne ka rage wutar, ka buɗe akwatin, ka sa fanka tana hura direbobin kai tsaye. A kan allon DRV8825 mai ɗauke da ƙananan rizisto masu alamar R100, iyakar amfa ninki biyu ce ta volt ɗin da mita ke nunawa a kan ɗan maɓallin saiti, wato idan ka karanta 0.75 ka ba injin amfa 1.5. Ka yi wannan awo da hankali da sukudireba mai hannun roba, kuma kada ka taɓa cire wayar inji alhali direba yana da wuta, domin hakan yana ƙona shi nan take. Gyaran dindindin kuwa shi ne ka bar injinan da kake da su, ka sauya direbobin zuwa irin DM542, waɗanda ke karɓar volt 20 zuwa 50 kuma suke kaiwa amfa 4.2, ka ba su wuta mai volt 36 ko 48. Dalilin ƙara volt shi ne ƙarfin juyin injin taku yana raguwa yayin da gudunsa ke ƙaruwa, saboda naɗin wayar da ke cikinsa ba ya barin wuta ta cika shi nan da nan, kuma volt mai yawa ne ke tura ta ta shiga da wuri. Babban inji a kan ƙaramin direba da volt 24 yakan fi ƙaramin inji rauni a wajen gudu, saboda haka kuɗin da ka yi niyyar kashewa da sun tafi a banza. Shi injin kansa kada zafinsa ya tsorata ka, domin an gina shi ya jure digiri 70 zuwa 80 a jikinsa, ko da yake hannu ba ya iya daɗewa a kai.

Saura batun gudu da zabura. Lambobin $110 da $111 su ne iyakar gudu, $120 da $121 kuma su ne saurin zaburar na'ura daga tsaye. Zanen ƙofa cike yake da lanƙwasa da ƙananan kusurwoyi, inda gada mai nauyi ke tsayawa tana sake zabura sau dubbai a aiki guda. Ka raba lambobin zaburar biyu ka gwada. Idan gocewar ta ɓace, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka ji injin ya fara kuka yana tsayawa, sannan ka ja baya da kashi ɗaya cikin uku. Ka yi wannan saiti da tsakar rana a bazara, kada ka yi shi da sanyin safiya. Ina kuma roƙonka ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda kana rubutawa a littafi, domin wanda ya sauya abu uku tare bai san wanne ya gyara ba, bai kuma san wanne ya ɓata ba.

Tambaya ta biyu, daga wata mai sana'ar allunan talla a Tawa

Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni da ƙanena muna yanka haruffa da tambura a kan filawud da roba mai ƙyalli. Na'urarmu ƙarama ce mai sandar zare T8. Ba ta gocewa, kullum tana komawa inda ta fara, amma idan na zana murabba'i mai milimita 100 sai ya fito ƙasa da haka, da'ira kuma ba ta fita zagaye sosai, haruffan ba sa shiga ramin da aka yanka musu daidai. Ƙanena ya ce taku muke rasawa. Haka ne?

Amsa

Malama, na gode da wasiƙarki, kuma ki gaya wa ƙanen naki cewa ba taku kuke rasawa ba. Tunda na'urar tana komawa mafarinta, ƙirgarta daidai take, kuskuren yana tsakanin sandar injin da bakin yanka ne. Abubuwa huɗu ne ke kawo irin wannan, kowannensu da sawunsa, kuma gwaji ɗaya zai rarrabe miki su.

Ki samu guntun katakon MDF, ki yanka murabba'i biyu, ɗaya mai milimita 50, ɗaya mai 200, sannan ki fafe rami mai milimita 50 a gefensu, ki auna duka da kalifa, wato ma'aunin kauri mai leɓe biyu, kada ki dogara da tef. Idan kuskuren yana girma tare da girman aikin, misali ƙaramin ya gaza da 0.2, babban ya gaza da 0.8, to lambar taku a kowace milimita ce ba daidai ba. Sandar T8 da aka fi sayarwa tana tafiyar milimita 8 a zagaye ɗaya, wanda ke ba da taku 400 a milimita idan an raba taku gida 16, amma akwai irinta mai tafiyar milimita 2 da mai 4, kuma da wuya ido ya bambanta su. Gyaran lissafi ne mai sauƙi: tsohuwar lamba sau tazarar da aka umarta, a raba da tazarar da aka samu. Idan kin umarci milimita 300 kin samu 298.5, to 400 sau 300 a raba da 298.5 ya ba da 402. A yi awon a kan tazara mafi tsawo da na'urar ke iya yi, kuma a tafiya ta fuska ɗaya, don kada wasan noti ya shiga lissafin.

Idan kuwa murabba'in biyu sun gaza da adadi ɗaya, ramin kuma ya ƙaru da wannan adadin, to kaurin bakin yanka ne ya saɓa wa abin da kika gaya wa kwamfuta. A kasuwanninmu kayan awon milimita da na inci a cakuɗe suke, kuma bakin da ake kira na milimita 6 sau da yawa na rubu'in inci ne, wato 6.35. Idan kin rubuta 6 alhali 6.35 ne, kowane harafi zai rage 0.35, kowane rami zai ƙaru da 0.35, harafin ya riƙa yawo a cikin raminsa da tazarar 0.7. Hanya mafi aminci ita ce ki yanka miƙaƙƙen layi ɗaya, ki auna faɗinsa, ki rubuta wannan faɗin a matsayin kaurin bakin, domin hakan ya haɗa har da ƴar rawar da bakin ke yi idan bai zauna a tsakiya sosai ba. Ki kula da mariƙin bakin ma, na 6 da na 6.35 ba sa musanya, baki mai siririn gindi a cikin mariƙi mai faɗi yana iya fita yana cikin juyi.

Da'irar da ba ta fita zagaye kuwa, mafi yawanci wasan noti ne a kan sanda. Duk lokacin da layi ya juya baya, sandar takan ɗan juya a banza kafin ta kama notin, kuma a da'ira hakan yana faruwa a wurare huɗu, sama da ƙasa da dama da hagu, inda za ki ga ɗan shafaffen wuri ko ɗan tudu. Ki ɗaura kalifa ko agogon awo a jikin na'urar, ki tura layin gaba milimita 10, ki sa ma'aunin a sifiri, ki ƙara tura shi gaba milimita 5, ki dawo da shi 5. Abin da ya rage a kan ma'aunin shi ne wasan. Notin tagulla na T8 yana cinyewa da sauri a wurin da ke da rairayi kamar Tawa, maganinsa kuma noti mai sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya, da ke matse zaren ta fuska biyu, ko sauya sandar zuwa mai ƙwallaye irin SFU1605 idan hali ya yi. Manhajojin Mach3 da LinuxCNC suna da wurin rubuta yawan wasan don su rama shi, GRBL 1.1 ba ta da shi, kuma ko inda ake da shi ban cika son dogaro da shi ba, domin notin da ke wasa zai ci gaba da wasa duk lokacin da bakin yanka ya fizge shi. A duba boris ɗin ƙarshen sandar ma, domin wani lokaci sandar ce gaba ɗaya ke motsi gaba da baya.

Na huɗu shi ne lanƙwasa. Ki kashe injin yanka, ki kama bakin da yatsu ki tura shi gefe, ki ga yadda yake motsi. Lanƙwasar baki tana ƙaruwa sau takwas idan tsawon da ya leƙo waje ya ninka, saboda haka a tura shi ciki iyakar abin da aikin ya yarda. A yi yankan farko a bar rabin milimita, sannan a zo da zagaye na ƙarshe a share shi, lokacin nauyin da ke kan bakin kaɗan ne kuma ba ya kauce wa layinsa.

Tambaya ta uku, daga wani matashi mai shago kusa da kasuwar Katako

Malam, barka da aiki. Na sauya injin yanka zuwa mai kilowat 1.5 da akwatin VFD. Tun daga ranar na'urar ke tsayawa haka kawai, ko kwamfuta ta ce ta rabu da ita, ko aikin ya goce kaɗan-kaɗan. Idan injin yanka a kashe yake, lafiya lau take tafiya. Maƙwabcina mai walda ne, kuma idan an ɗauke wuta janareta ɗaya muke amfani da shi.

Amsa

Ɗan'uwa, ka riga ka yi rabin binciken da kanka, tunda ka gano cewa matsalar tana bin kunna injin yanka. Akwatin VFD yana sarrafa gudun injin ne ta hanyar datsa wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan datsawar tana watsa hayaniya a cikin wayoyin da ke kusa. Umarnin taku da ke fita daga Arduino volt 5 ne kacal, ɗan bugu mai tsawon kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa idan ba a sauya lambar $0 ba, don haka hayaniya kaɗan ta isa ta sa direba ya ga bugun da ba a aiko ba. A nan na'urar ba rasa taku kawai take yi ba, har ƙari take samu.

Ka raba hanyar wayoyi: wayar injin yanka ta bi gefe guda, wayoyin umarni da na makunnan iyaka su bi wani gefen, inda dole su haɗu kuma su gitta juna maimakon su jera. Wayar da ke tsakanin VFD da injin yanka ta kasance mai rigar ƙarfe, a haɗa rigar da wurin wayar ƙasa na VFD, a sa matatar hayaniya a mashigar wutarsa, a kuma nisanta shi da akwatin Arduino. Wayar USB ta zama gajera mai kauri mai zoben ferit da ke rage hayaniya, domin ita ce mafi rauni a duk tsarin.

Duk wannan ba zai yi cikakken amfani ba idan babu wayar ƙasa ta gaskiya, kuma shaguna da yawa a birnin nan waya biyu kawai aka ja musu. Ƙasarmu mai rairayi ce, a rani takan bushe ƙamas, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, saboda haka guntun rodi da aka soka a bakin ƙofa bai wadatar ba. Ka nemi mai aikin lantarki ya kafa maka sandar tagulla mai tsawo a wuri mai danshi, ya auna ta, sannan firam ɗin na'ura da jikin injin yanka da VFD da akwatin wuta duk su haɗu a wuri ɗaya su tafi can. Wannan ya wuce batun kyan aiki, batun ranka ne.

Zancen janareta kuwa, ba na ba da shawarar raba shi da mai walda ko kaɗan. Duk lokacin da ya kama wuta a kan ƙarfe, volt yana faɗuwa ƙasa da 220 ɗin da kayanka ke jira, Arduino ya sake tashi daga farko, ya manta inda yake. Ku raba lokaci, ko ka nemi naka. Kwamfuta da allon umarni su zauna a kan ƙaramin batirin ajiyar wuta, sannan ka sa makunnan iyaka ka kunna $22, wato saitin komawa gida, domin idan wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ta ɗauke a tsakiyar aiki ka iya mayar da na'urar gida da umarnin $H, ta gane sifirinta, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai karatu a Yantala

Malam, layin X da Y ba su da matsala, amma bakin yana ƙara nitsewa a hankali, har ya huda katakon da bai kamata ya huda ba.

Amsa

Malam, abu biyu ne ke kawo haka. Ko dai bakin yana zamewa daga mariƙinsa, abin da baki mai murɗaɗɗen haƙori da ke jan gari sama yake yawan yi, ko kuma layin Z, mai hawa da sauka, yana rasa taku lokacin hawa, inda yake ɗaga nauyin injin yanka gaba ɗaya. Ka ja layi da alƙalamin maka a gindin bakin daidai leɓen mariƙin. Idan layin ya sauko bayan aiki, ka wanke mariƙin daga ƙura, ka ɗaure shi da sifana biyu, ka sauya shi idan ya tsufa. Idan layin yana wurinsa, ka rage $112 da $122, wato gudu da zaburar layin Z, da rabi. Ka kuma mai da $1 zuwa 255, domin hakan yana sa injinan su ci gaba da riƙe matsayinsu ko da na'urar tana tsaye, in ba haka ba layin Z mai sandar milimita 8 yana iya sulalowa da nauyinsa duk lokacin da aka saki wuta. Sai dai wannan riƙon yana ƙara wa direbobi zafi, don haka fanka ta zama dole.

Tambaya ta biyar, daga wani kafinta a Harobanda

Ranka ya daɗe, gadata injina biyu ke janta, ɗaya a kowane gefe. Tsawo da faɗin abin da na yanka daidai suke, amma idan na ɗora sukwaya sai in ga kusurwar ta karkace.

Amsa

Malam, gadarka ce ba ta tsaya daidai a kan layin Y ba, ko dai tun wajen haɗawa, ko kuma ɗaya daga cikin injinan biyu ya taɓa rasa taku ɗayan bai rasa ba. Turin gadar da hannu daga gefe guda lokacin da wuta take kashe ma yana jawo haka. Ka sa na'urar ta yi ɗigo huɗu a kusurwoyin fili mai milimita 600 da 800, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Duka biyun ya kamata su ba da 1000. Idan ɗaya ya fi ɗaya, ka kashe wuta, ka juya injin gefe guda da hannu kaɗan, ka sake yin ɗigon har awon biyu su zo ɗaya. Da zarar sun daidaita, ka ɗaure ƙarfen tsayawa a ƙarshen kowane layi daidai inda gadar take, ta yadda kowace safiya za ka jingina ta da su kafin ka kunna wuta. Kowane inji ya samu direbansa, a saita su a kan amfa ɗaya da rabon taku ɗaya, kuma bel ɗin gefen biyu su yi tauri iri ɗaya.

Masu son aiko da tambaya a kan irin waɗannan na'urori su haɗa da sunan direba, da volt ɗin wutarsu, da jerin lambobin da umarnin $$ ke fitarwa, da hoton aikin da ya lalace tare da ma'auni a kansa.